Tambayar da Baba Ya Yi Mini

Yaya Habibu,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya Ikko, ya iyali? Mu nan Bunkure lafiya, in ban da Baba.

Tun da ya daina magana bayan rasuwar Inna, wani nas, Malam Sabo, shi ne yake zuwa duba shi duk Laraba, yana jan sa da hirar tumatir, har ya koma fita gona. Sai ka aiko wa Kawu takarda, ba da sanina ba, wai a sallami Malam Sabo tunda ba likita ba ne. Ina likitan naka? Yanzu Baba ya sake kulle kansa a ɗaki.

Jiya ya tambaye ni ko laifi ya yi wa Sabo da ya daina zuwa. Kai za ka ba shi amsa.

A sa shi a addu'a. Ka gai da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza