Ƙasar Sawun Kailu

Paris, Maris 1959

Zuwa ga ƙanwata Balkisu,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna, ina aikin likita? Albishirinki: na ci jarrabawar Rashanci. Harshen da kike cewa kamar mutum yana tauna tsakuwa, yau shi ya yi mini rana. An ba ni wuri a Leningrad, in koyar da Hausa, ni kuma in zurfafa karatun littattafansu. Yanzu har mafarki da Rashanci nake yi. Ki lallaɓa ki gaya wa Inna bana ma ba ni zuwa gida.

Yayanki,
Kailu

*

Filinge, Afrilu 1959

Yaya Kailu,

Bayan gaisuwa, mun gode Allah da nasararka, amma gida ba lafiya.

Ka tuna ranar tahiyarka Inna ta duƙa ta kwashe ƙasar sawunka na dama a ƙofar gida, ta ƙulle a tsumma don ta jawo ka ka komo? Dariya ka yi mata. Ƙullin nan yana ƙarƙashin matashinta har yau. Da na gaya mata saƙonka, sai ta rungume ƙullin.

Yaya, bazara ce, jakai ma neman inuwa suke, amma Inna rawar ɗari take cikin bargo. Hausa ta ɓace daga bakinta. Wata magana take yi mai tsawo, da tashi da sauka kamar waƙa, tana kaɗa yatsa yadda kake yi in kana hadda. Abin da ta hi maimaitawa shi ne "minye holadna". Likitanmu bai ga cuta ba. Tsohuwa Haske mai bori ta saurara, ta ce ta san iskokin da ke Faransanci da masu Zabarmanci, wannan kam ba iska ba ne. Ta taɓa ƙullin, ta janye hannu, ta ce ƙasar ta kasa jawo ka, shi ya sa take jan Inna zuwa inda kake. Ko ka zo ka taka ta, ko a kwance a zubar. Ni ma na taɓa. Sanyi gare shi kamar gindin randa.

Tsoro nake ji, Yaya. Ka zo.

Ƙanwarka,
Balkisu

*

Paris, Mayu 1959

Balkisu,

Ina gaishe ki. Na karanta takardarki. Maganar nan da Inna take maimaitawa Rashanci ce, ma'anarta "ina jin sanyi". Ni nake faɗinta kowace safiya a ɗakina, ni kaɗai, don harshena ya saba. Waƙar kuma, ina jin wadda na haddace ce don jarrabawa. Ban taɓa rubuta muku ko kalma ɗaya daga cikinta ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma in na bar wurin nan na Leningrad wani za a ba, kuma shekarun da na ci ina wahala sun tafi a banza. Tun da Haske ta ce akwai hanya ta biyu, a bi ta. Ƙasa ce kawai. Ki kwance ki zubar, Inna ta huta. Baɗi in Allah ya yarda ina nan tafe. Ki roƙa mini gafararta.

Yayanki,
Kailu

*

Filinge, Yuni 1959

Yaya Kailu,

Gaisuwa. Na zubar da ƙasar a ƙofar gida. Inna ta warke sarai, ta yar da bargo, jiya ma ita ta yi daka. Hausarta ta komo.

Na roƙa maka gafarar. Ta dube ni tana murmushi, ta ce, "Wane Kailu? Ai ke ɗai na haihwa."

Allah ya ba da sa'ar koyarwa.

Balkisu