Yaya, An Cire wa Buhu Hula

An cire wa buhu hula, Yaya! Jiya na gani da idona a Magarya. Na sa hannu na shafa bakin buhun, babu ƙari, babu ɗinkin sama, kuma jikana takwaranka ya saɓa shi ya hau katako ya shiga kamyo, babbar motar kaya, bayansa a miƙe.

Ka gafarce ni, na fara da labari ban yi sallama ba. Assalamu alaikum, Yaya Ilu. Ƙanenka Manzo ne. Ina gaishe ka a makwancinka, gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan Allah Ya yalwata maka inda kake. Mutanen gida a Yekuwa duk lafiya. Gero ya yi bana, wake ne bai yi kamar yadda muka so ba. Takwaranka ya ce zai ɗauki hoton wannan takarda ya sa a waya mutane su karanta, shi ya sa za ka ji ina faɗin abubuwan da ka fi ni sani. Ka yi haƙuri da ni.

Ka tuna yadda hular ta samo asali. A zamaninmu na dako, duwan, wato 'yan kwastan, a kan buhu suke karɓar haraji, ba su damu da nauyi ba. Sai 'yan kasuwa suka ce a cika buhu a danna shi da taɓarya, a yanko rabin wani buhun a ɗinka a bakinsa, a sake cikawa. Wannan ƙarin shi muke kira hula. Mutum uku ke ɗaga shi su aza wa mutum ɗaya. Duk tashar babu wanda ya kai ka iya ɗinkinta, kai ka riƙe hannuna ka koya mini da basillarka mai lanƙwasa. Alfahari muke yi da abin. In wani ya zaɓi buhu marar hula, sai mu bi shi da dariya muna cewa ya ɗauko wa amarya matashin kai.

Kai ba faɗuwa ka yi ba, a hankali abin ya ci ka. Da farko ka fara karkata hagu. Daga baya ƙafar ta riƙa mutuwa, kana jan ta, tana barin layi a kan yashi tun daga ƙofar gida har masallaci. Shekarunka na ƙarshe a zaune ka yi salla. Ranar duban wata sai mun kwantar da kai a tabarma kafin ka iya ganin sama, kana yi mana faɗa wai mun tare maka gabas da yamma da kawunanmu.

A wannan lokacin ne aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a lakwal, makarantar bokon garinmu, bayan magariba. Na haura arba'in, na ce ni ba zan zauna a bencin da 'ya'yana suka zauna da safe ba. Ka miƙo mini fitilarka ka ce, "Manzo, bayanmu ya riga ya tafi. Je ka nemo mana ido." Na tafi don kada in saɓa maka. Damina uku ina zuwa ina dawowa, abokan dako suna kirana mushe, wato malamin lakwal, don tsokana. Ranar da na fara rubuta sunanka a ƙasa da tsinke ka daɗe kana kallo, ka ce ashe sunanka ma gajere ne kamar mai shi.

Bayan rasuwarka muka ji a radiyo cewa ƙasarmu ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar masu sayen riɗinmu, kaya za su riƙa wucewa ba tare da harajin da aka saba ba. Ni ban taɓa ganin takardar ba, abin da na ji ne. Kuma gaskiya mun ga amfani. Riɗi ya yi daraja, aka gina babbar magaza ta ajiyar kaya a Magarya, amalanke na shigowa da kaya daga Dungas da ƙauyukanmu, gidaje da yawa suka yi rufin kwano, har da namu. Na gode wa Allah a kan wannan, ina kuma godewa.

Amma hula ba ta tafi ba. Harajin da ya haife ta ya mutu, ita ta zauna, saboda mai kamyo a kan buhu ake sallamarsa, ɗan dako ma haka. An rubuta wa riɗi hanyar wucewa. Bayan da ke ɗaukarsa kuwa, a iya saninmu, babu wanda ya rubuta shi ko'ina.

Takwaranka ɗan Hadiza ne, 'yata ta fari, wanda aka haifa kana da rai ka yi masa huɗuba. Baffa muke kiransa, don bakinmu ba ya iya kiran sunanka a kan yaro. Yanzu magidanci ne, da mata da 'ya ɗaya. Gonar da aka raba ta yi kaɗan, sai ya shiga dako a wannan magaza. Ƙarfinka ya ɗauko, har da taurin kai. Bara da rani ya zo gida, ya wuce ta gabana zai je rijiya, na duba sawunsa a yashi. Sawun dama cikakke, na hagu da ɗan ja a bayansa. Na san wannan layin, Yaya, shekara nawa na yi ina bin sa zuwa masallaci. Na yi masa magana, ya mayar da abin wasan jika da kaka, ya ce kishi nake yi don kakarsa ta fi son sa da ni, in ina so mu je mu yi kokawa a gabanta a raba gardama.

Yanzu zan faɗa maka abin da nake jin kunyarsa. Bayan kaka mai magaza ya tara 'yan dako ya ce baƙi za su zo, mutanen ƙasar masu saye tare da ma'aikatan gwamnati, su ga yadda ake aiki. Iyakar abin da ya ce ke nan. Yaran suka zauna suka yanke cewa an zo a gwada su ne, a ga ko mazan Magarya za su iya cika kamyo da sauri, in ba su iya ba a kai cinikin wani gari. Suka aiko a kira ni a matsayin tsohon sarkin dako. Ni ma haka na fahimta. Na ce to, a nuna musu. Na ɗauko basillarka, ni da hannuna na ɗinka huluna irin waɗanda ba a ƙara gani ba tun zamaninka.

Ranar da baƙin suka zo, da ka ga abin da aka yi. Yara na gudu da buhu suna waƙa, Baffa ya tsaya a tsakiyar katako ya juya da kayan a bayansa kamar mai rawa. Wata mace a cikin baƙin ta rufe baki da hannu. Muka ce ai mamaki ne ya kama ta, muka ƙara ƙaimi.

Daga nan aka zaunar da kowa a inuwar dogon yaro, tafinta yana kiran mutum ɗaya-ɗaya yana tambaya ko akwai inda ke masa ciwo. Kowa ya ce lafiya ƙalau. Wani ma ya rantse ko ciwon kai bai sani ba. Baffa ya ce shi buhun ya yi masa kaɗan, a ƙara.

Takardar tafintan tana kan benci kusa da ni, iska na son ɗauke ta, sai na danne ta da hannu. Da Hausa aka rubuta. Na fara bin ta da yatsa kamar yadda aka koya mana. A sama an ce akwai wani sashe a cikin yarjejeniyar da ya shafi masu aiki, kuma an zo ne a ji ko cinikin yana cutar da su. A ƙasa tambayoyi: nauyin da mutum ɗaya ke ɗauka, ko an taɓa samun wanda aikin ya naƙasa. Na karanta sau biyu don kada ya zama ni ne ban iya ba. Ashe ba ƙarfinmu aka zo aunawa ba. An zo tambayar abin da muke ɓoyewa ne, mu kuma mun yini muna ɓoye shi da rawa.

Mai magaza yana tsaye a gefe. Na san in na buɗe baki, abincin Baffa zan taɓa. Na kuma san in na yi shiru, baƙin za su rubuta cewa kowa lafiya, su hau mota su tafi, ni kuma in zauna ina jiran ranar da za a kwantar da jikana a tabarma ya ga wata.

Na miƙe na ce ina da magana. Na ba su labarinka tun daga karkata har zuwa sallar zaune. Na ce hulunan da suka gani ni na ɗinka su jiya. Sannan na sa aka share yashin gabanmu da tsintsiya, na ce wa Baffa ya taka daga nan zuwa bango. Ya yi dariya ya ce tsoho ya fara rikicewa. Na ce masa, "Yau ba abokin wasanka ke magana ba, uban uwarka ne. Taka." Ya taka. Layin ya fito, kowa ya gani. Alƙalamin matar nan ya shiga tafiya a kan takarda. Can wasu manya biyu a cikin 'yan dakon suka ce a sake kiransu, amsar da suka bayar da farko ba ita ba ce.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Aka ce mushe ya kore kasuwa da karatunsa na tsufa. In na shiga tasha sai hira ta mutu. Makonni Baffa yana zuwa magaza ba a kiran sunansa. Abin da ya fi yi mini zafi, ya daina tsokanata. Sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya tashi ya tafi, kamar baƙo. Kakarsa ta ce in bar shi, zai huce. Damina ta zo ta wuce ba mu ji komai ba. Sau da yawa ina cikin gona in tsaya in ce ko dai na ɓata wa yaron rayuwa a banza, ga aiki ya yi rauni, ga ƙafa ba ta warke ba.

Shekaranjiya sai ga saƙo wai in zo Magarya. Na hau moto jiya da safe. Na tarar da sababbin buhuna, ƙanana, kowanne da jan layi inda cika zai tsaya. An ajiye babban ma'auni a bakin ƙofa. An ce daga yanzu da nauyin kayan za a riƙa sallamar 'yan dako, don haka wanda ya cika kamyo abin da yake samu bai ragu ba, sahu ne ya ƙaru, nauyi ya rabu biyu. An manna takarda a bango da Faransanci da Hausa. Babu wanda ya ce in karanta, amma na karanta da ƙarfi har sau biyu. Mai magaza ya zo ya ba ni hannu, ya ce masu saye sun ce ba za su ƙara karɓar buhu mai hula ba, ya yi ta gunagunin tsadar buhu, sannan ya sa aka kawo mini ruwa. Ba mugun mutum ba ne, shi ma yadda ya tarar haka ya ci gaba.

Ba na cewa maganata ce ta jawo wannan. An ce a wasu garuruwan ma baƙin sun ji irinta. Kuma ba komai ne ya gyaru ba. Matan da ke tankaɗen riɗi a bayan magaza har yanzu cikin ƙaiƙayi suke yini suna tari, ban ga sunansu a takardar bango ba. A kasuwar Guci da ta Kwaya buhun wake da na gyaɗa suna nan da hularsu, saboda su ba sa cikin abin da aka sa wa hannu. In wannan takarda ta isa ga masu zaman rubuta irin waɗannan yarjejeniyoyi, ina gode musu da suka tuna da masu aiki, ina kuma roƙonsu su riƙa faɗa wa mutane dalilin zuwansu tun daga bakin ƙofa. Ɗan dako ba zai ce yana ciwo a gaban wanda yake zaton ya zo auna ƙarfinsa ba. Da iska ba ta taɓa takardar nan ba, da ba ka tura ni lakwal ba, da sun tafi da ƙarya, kuma mu muka ba su ita.

Na duba sawun Baffa jiya. Layin yana nan, kwana ɗaya ba ya share shi. Amma likita ya ce masa in ya rabu da babban nauyi akwai fatan ƙafar ta dawo, tunda da sauran ƙuruciya. Ina tsaye ina kallon ƙasa sai na ji an dafa kafaɗata. Baffa ne, ya nuna mini buhu ɗaya ya ce, "Tsoho, ga matashin kan amarya an kawo daidai ƙarfinka. Ɗauki mu gani, ko kakata ta dawo maka." Shekara guda ban ji wannan rashin kunyar ba. Na ɗaga sanda zan kai masa, hawaye ya hana ni ganin inda yake.

Yaya, idon da ka aike ni nema ya yi aiki. Bai cece ka ba, bai cece ni ba, amma ya tarar da takwaranka a kan hanya. Na gode da fitilar. Na gode da faɗan da ka yi mini duk daren da na ce na gaji ba zan je ba. Basillarka na rataye ta a ɗakina kusa da allo, ba za ta ƙara ɗinka hula ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya tashe ka a miƙe ranar da za a tashi kowa. Allah Ya ba Baffa lafiya, Ya kai wannan sauƙi ga matan bayan magaza da 'yan dakon ƙananan kasuwanni. Amin.

Ku kuma da kuka karanta tare da Yayana, mutanen Yekuwa da Dungas da Guci da Kwaya, tsofaffin abokan dako da suka rage, har da waɗanda suka daina gaishe ni, ban riƙe kowa ba. Ranar kasuwar Magarya mai zuwa ina bakin magaza tun hantsi, na sa an share yashi. Ku zo ku shafa bakin buhun da hannunku, ku tsaya ku ga jikana yana hawa katako.

Ƙanenka,
Manzo