Hannuna ne ya cinye wa 'yata gashin goshi

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sakat. Ni mai kitso ce, shekara ashirin da shida ina sana'ar. An san ni da kamu: in na yi miki kitso sai ya yi wata biyu bai tashi ba, har alfahari nake yi da hakan.

'Yata ɗaya ce, kuma a kanta na koyi duk wani sabon salo. Tun tana shekara huɗu nake zaunar da ita tsakanin ƙafafuna in yi mata ƙananan kitso, in kamo har ɗan gashin nan mai laushi na bakin goshi, don masu zuwa shago su gani su yi sha'awa. Ba ta da kuka. Sai dai ta ja iska ta haƙori, ta danƙe mini zani. Kwana uku a kife take barci. In ƙuraje suka fito a bakin kitson in shafa mata mai, in ba ta maganin ciwon kai, in ce gobe zai saki. Akwai hotonta a bangon shagona tana 'yar shekara bakwai. Da can kyan kitson nake gani, yanzu girarta nake gani, yadda ta ɗage sama.

Ta girma, ta yi aure, ta haifi mace. Na daɗe da lura ba ta cire ɗankwali a gabana, na ɗauka kunya ce. Watan jiya suka zo mini yini. Tana kicin, ni kuma na ga kan jikata buzu-buzu, na ce zo nan ƙawata in gyara ki, uwarki malalaciya ce. Na ɗauko kibiya ke nan sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. 'Yata ce. Garin gudu ɗankwalinta ya zame. Anti, daga goshi har saman kunnuwa babu gashi ko ɗaya, fatar sai sheƙi take. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta ɗauki yarinyar, ta koma kicin.

Daga baya ƙanwata ta gaya mini 'yar tawa ta ga likitan fata tun bara, ya ce jan da aka daɗe ana yi ne ya kashe saiwar gashin, kuma ta roƙi kada a faɗa mini.

Har yau tana kirana mu gaisa kamar babu komai. Ni kuwa duk kan da na taɓa a shago sai in ji jan iskar nan a kunnena. Ina tsoron in tayar da maganar in fama mata ciwo, ina tsoron in yi shiru mu ƙare a haka. Yaya zan yi?

Uwa mai nadama

'Yar'uwa, ba mugunta kika yi ba. Haka kika ga ana yi, kuma yabonki ake yi a kai. Amma yarinyar ta ji zafi shekara da shekaru, ta rasa abin da mace ke ji da shi, wannan ma gaskiya ce. Ta ɓoye miki ne don ta kare ki. Ita ta ɗauke miki nauyin, yanzu ki karɓi naki.

Ki je gidanta ke kaɗai. Ki ce kin gani, kin san hannunki ne, ki ba ta haƙuri. Kada ki ce ai kowa haka yake yi, kada kuma ki yi kukan da zai sa ita ta koma lallashinki. In ta yi faɗa, ki saurara. In ta yi shiru, ki ba ta lokaci.

Ki nemi rakata wajen likitan. Inda fata ta yi santsi da wuya gashi ya dawo, amma sau da yawa ana iya ceto na gefensa.

A shago kuma ki sassauta hannu. Ki bar gashin bakin goshi, ki rage nauyin ƙarin gashi, ki sa a riƙa hutar da kai tsakanin kitso da kitso. Zafi, ƙuraje ko ciwon kai alama ce ta a tsefe yau. Uwar da ta ce ki matse wa 'yarta, ki gaya mata abin da idonki ya gani.

Kan jikarki kuwa na uwarta ne. Kada ki roƙa, kada ki yi zuciya. Wataƙila wata rana ta zaunar miki da ita da kanta, wataƙila ba za ta taɓa yi ba, kuma tana da haƙƙin hakan. Ba kitson ne abin da za ki nema ba, 'yarki za ki nema. Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya ba ki ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofarta tun makon nan.