A Bar Mana Fadila a Katsina

Kambarawa, Katsina.

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Haulat da yara, da zaman Fatakwal. Allah Ya ƙara rufin asiri. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa. 'Yata Ramla ta sauka, an sami mace, sai dai ta sha wuya, kuma maganar ce ta sa na ɗauki biro.

Saƙonka ya iso cewa bayan Sallah Fadila ta taho ta riƙe maka shago, tun da a ganinka aikinta a ƙungiyar masu ba da jini danne-danne ne kawai. Yaya, 'yarka ce, ba ni da ta cewa, amma gani ya kori ji. Ƙungiyar tana da shafi a intanet inda mai son taimakawa yake rubuta sunansa da irin jininsa. Da can linki ɗaya, wato adireshin da ake latsawa a shiga shafin, suke watsawa ko'ina, ba wanda ya san ta wace hanya mutane ke shigowa. Sai Fadila ta buɗe wani shafi a kwamfuta mai gida-gida kamar gurbin dara. Gida ɗaya adireshin shafin ƙungiyar, na biyu unguwa, na uku hanyar da saƙon zai bi. A na ƙarshe ta rubuta fomula da ke ɗinke su wuri guda, ta ja shi ƙasa, sai ga kowane layi ya haifi nasa linkin da 'yar wutsiya mai faɗin inda ya fito. A gabana ta yi, ina riƙe da baki. Na tambaye ta ko tsafi ne, ta yi dariya ta ce ɗinki ne irin nawa, allurar ce ta bambanta.

Abin da ya fi burge ni, ta san garinmu. Shugabansu, Malam Abbas, ya ƙarfafa a kan Fesbuk da zaurukan ma'aikata na waya. Ita kuwa ta roƙe shi ya bar ta ta ƙara layuka don guruf-guruf ɗin anko, waɗanda mata ke buɗewa a waya idan biki ya taso. Ta ce an gama biki ba a watsewa, a nan ake sanar da haihuwa da rasuwa, kuma saƙon uwar biki ba a tsallake shi. Kowane guruf ta yi masa nasa linkin, daga Ƙofar Durbi har Batagarawa. Da aka duba, mafi yawan masu rajista ta nan suka shigo. Malam Abbas mutum ne mai gaskiya, ya yaba mata a gaban kowa, ya maida ƙarfin aikin can.

To, ranar da Ramla ta haihu jini ya ɓalle mata, kuma nata irin wanda ba kowa ke da shi ba ne. Duk danginmu an gwada, babu. Fadila ta duba rajistarsu ta kira wata Hajiya Talatu a Batagarawa, wadda ta shigo ta guruf ɗin ankon wani bikin da ban ma san masu shi ba. Matar ta bar tuwo a wuta ta hau babur ta zo. Allah ne Ya raya Ramla, amma ta hannun 'yarka Ya bi.

Ka san halinta, ba za ta musa maka ba. Ta riga ta haɗa jakarta, kullum tana koya wa wata abokiyar aikinta fomular don kada aikin ya tsaya, sai dai tun zuwan saƙonka ba ta cin abincin kirki. Ba ta san ina rubuta wannan ba. Ni ce nake roƙo, ni ƙanwarka da ban taɓa neman komai a wurinka ba. Mai tsaron shago ba ya wuya a Fatakwal. Ka bar mana ita, Yaya, akwai wasu Ramlar a gaba.

Ka gaida Yaya Haulat da Usman da Halimatus Sa'adiyya. Inna da maigidana Malam Sa'idu suna gaishe ka. Ina jiran amsarka kafin a yanka mata tikitin mota.

Ƙanwarka,
Safara'u