Oda Tana Ƙaruwa, Riba Shiru

Anti Sauda, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Maigidana Musbahu ya daɗe yana aiki a wata majemar fata a Challawa. Shekaru biyu da suka wuce ya fara zuwa kafe koyon kwamfuta, daga baya ya ajiye aikin. Yanzu hoton jakunkuna da takalman fata yake ɗorawa a intanet, mutanen Legas da Abuja su gani su biya ta banki, ya aika musu a mota. Da farko dariya na yi masa, wa zai sayi takalmin da bai gwada ba? Ashe akwai. Yau wayarsa ba ta hutawa, ya kama sito a Sharaɗa, ya ɗauki maɗinka, har da abokansa da wata masaƙa ta sallama daga aiki.

Amma Anti, riba shiru. Shi ke biyan kuɗin aikawa, wai don a saba da shi. Takalmin da bai yi wa mutum daidai ba a dawo masa da shi. Janareto na shan nasa. Albashina na kamfanin alewa a Bompai shi ke riƙe da gidan. Ba ƙorafi nake ba, wallahi. Mutumin nan ko ya dawo a gajiye sai ya duba wa yara aikin makaranta, kuma jakar farko da suka ɗinka ni ya kawo wa. In yana ba ni labarin sabuwar oda fuskarsa kamar ta yaro ranar Sallah, sai in taya shi murna in ɓoye damuwata.

Yanzu ya roƙe ni in bar aikina in riƙe masa sito, wai in kasuwar ta ƙara girma riba za ta zo. Za ta zo kuwa? Ina tsoron in ƙi ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Maman Hajjo, Dakata.

Ƙanwata,

Mijinki ba mafarki yake ba. Samun baƙi su tura kuɗi ga wanda ba su taɓa gani ba babban jari ne, kuma sabuwar sana'a takan jima kafin ta ciyar da mai ita. Amma tsoronki ma yana kan hanya, don yawan ciniki daban, riba daban.

Ku zauna ku ɗauki jaka guda. Daga farashinta ku cire kuɗin fata, na ɗinki, na mota da asarar kayan da ake dawowa da su. In wani abu ya rage, to haya da janareto ne ke cinye shi, kuma ƙarin oda zai rufe su. In babu abin da ya rage, kowace sabuwar oda ƙarin asara ce. Sai ya daina aikawa kyauta, ya gyara farashi. Wanda ya ji daɗin kayan zai dawo.

Kada ki bar aikinki yanzu. Ki ba shi ranakun Asabar, ku kuma tsayar da lokacin da za ku sake duba lamarin. Ki faɗa masa a fili, bayan ya ci ya ƙoshi, cewa albashin nan naki shi ya ba shi damar gwadawa ba tare da yara sun kwana da yunwa ba. Kin daɗe da zama abokiyar kasuwancinsa, shi ne bai lura ba.

Allah ya sa albarka, ya bar ku tare.

Anti Sauda