Kawu Ya Ce In Cire Shafin Gilisarin

Anti, don Allah ki taimake ni. Kaina ya ɗau zafi, a gida kuma kowa ya juya min baya.

Ni ɗalibar digiri na uku ce. Shekara uku ke nan ina aiki a kan wasu ƙwayoyin ƙarfe 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani. Manufar ita ce a zuba su cikin ƙari, wato kumburin ciwon daji, a kunna injin maganaɗisu, su yi ta juyawa har su yi zafin da zai kashe ƙarin. A cikin ruwa kam sun burge, minti biyar ma'aunin zafi ya wuce arba'in da biyar. To amma jikin mutum ai ba ruwan famfo ba ne. Sai na ƙara gilisarin, ruwan ya yi kauri. Anti, ƙwayoyin nan suka kasa juyawa, kamar mai gudu a taɓo. Zafin ko arba'in bai kai ba. Sau tara na maimaita. Ƙananan cikinsu ne kaɗai kaurin bai dama ba, su kuwa dama ba a kula su, don a ruwa ba su da abin nunawa.

Shugaban ɗakin bincikenmu ya ce in cire shafin gilisarin, mu buga sakamakon ruwa kawai. Matsalar, kawuna ne, wan mahaifiyata, shi ya koya min riƙe kwalbar gwaji. Na ce ba zan sa hannu a takardar ba. Ya ce shi ma ba zai sa hannu a kundina ba. Mama ta ce boko ya hau min kai. To ya hau ɗin! Wata rana wani likita zai karanta takardar nan ya gwada a jikin uwar wani. Digirin ya tafi in zai tafi. Sai dai in na tuna Kawu, hawaye nake yi.

'Yar ƙanwar Farfesa

'Yata, kada ki sa hannu. Wannan ba rashin kunya ba ne, amana ce.

Amma ki duba Kawunki. Dattijo ya ɗora sunansa a kan aikin nan, ga 'yar da ta tashi a hannunsa ta ce ba haka ba. Tsoro ne ke damunsa, ba mugunta ba. Ki daina musu da shi a gaban mutane. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi yadda kika saba, ki roƙe shi ya zuba gilisarin da hannunsa, ya karanta ma'aunin da idonsa. Sannan ki nuna masa ƙananan ƙwayoyin nan da kika ambata a gurguje. Ni ba masaniya ba ce, amma ina ganin a kansu ya kamata ku rubuta takardarku, kuma zai fita da mutuncinsa.

In ya ƙi, ki adana bayananki, ki kai wa kwamitin makaranta cikin ladabi. Mama kuwa ki tambaye ta a hankali: da ita ce a gadon asibiti, wane shafi za ta so a cire?

Allah ya daidaita ku, ya sa aikinki ya zama waraka.