Ruwan Toka a Hawa na Bakwai

Plovdiv, 8 ga Janairu, 1987

Zuwa ga Yaya Hansatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Ni ce Rumyana, matar ƙanenki Lirwanu. Shekara shida ina sa hannu a ƙasan wasiƙunsa, sai yau na rubuto miki da kaina, kuma ba da labari mai daɗi ba.

An yi masa aiki a ciki farkon Disamba, an yanke wani ɓangare na tumbinsa saboda gyambon da ya daɗe yana ɓoye muku. Likita ta ce aikin ya yi kyau, amma ba ya cin abinci. Ya shiga asibiti da nauyin kilo saba'in da huɗu, jiya aka auna shi sittin da uku. Zoben aurenmu ya zame daga yatsansa ya faɗa kwanon wanke hannu, bai ma ji ba. Likitar ta ja ni gefe ta ce ɗinki ba ya kamawa a jikin da ba ya ci.

Babu abin da ban kai masa ba, daga romon kaza har kindirmo. Sai ya juya fuska bango. Ranar Talata ne ya ce, can ƙasa-ƙasa, da zai sami tuwo da miyar kuɓewa irin ta Inna da ya ci. Na tafi kasuwar Alhamis na zaga har ƙafafuna suka daskare, kafin na sami wata tsohuwa mai busasshiyar kuɓewa a zare. Na kwashe duk abin da ta kasa, tana tambayata ko biki za a yi. Tuwon bai ba ni wuya ba, kachamak ɗinmu ne, wato tuwon masararmu na nan, da aka hana cuku da man shanu. Amma da ya ɗaga cokali, miyar ta tsiyaye kamar ruwa. Ya yi murmushi ya ce, “Kin yi ƙoƙari.” Wannan maganar ta fi ta likita tsorata ni.

Ba ni da wanda zan tambaya. Mahaifiyata tana ƙauye, kuma tun ranar da na aure shi ba ta taka gidanmu ba. Yaya, ki koya mini miyar nan. Ina tsoron kada ya mutu da yunwa alhali ina tsaye da tukunya a hannu.

Ki gaida Inna, amma kada ki faɗa mata tukuna.

Taki,
Rumyana

Malumfashi, 28 ga Janairu, 1987

Zuwa ga amaryarmu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki. Wasiƙarki ta same ni a bakin aiki, na karanta ta a tsaye. Shekara goma sha tara ina aikin jinya, na san abin da likitarku take nufi, ba kuma zan yi miki ƙarya ba, gaskiya ta faɗa.

Amma ki kwantar da hankalinki, Auta, mijin naki, mayen tuwo ne tun yana rarrafe. Kuma kin ga yadda kike kiran sunan mijinki gatsal, ko kunya babu? A nan da an yi ta yi da ke. Na yafe miki saboda sanyin garinku.

Warin da kika ji tun kafin ki buɗe ambulan ɗin nan, daddawa ce. Kada ki jefar, ba lalacewa ta yi ba, haka Allah ya yi ta. Ki daka kuɓewar ta yi laushi ki tankaɗe. Ki dafa nama da albasa da rabin daddawar, ban da barkono saboda cikinsa. In ya tafasa ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa garin kuɓewar kina kaɗawa, kada ki rufe tukunyar. Abin da ya rage shi ne kanwa, ita ce ke ƙara wa miya yauƙi. Na so in sako miki, maigidana ya ce farin dutse a cikin wasiƙa zai iya jawo muku tambayoyi. To ba komai, ki sa ruwan toka, aikinsu ɗaya. Cokali guda ya isa.

Ki ce wa Auta in bai ci ba zan zo da kaina in ɗura masa, kamar yadda na saba yana ƙarami. Inna na gaishe ku, ta ɗauka mura ce.

Yayarku,
Hansatu

Plovdiv, 17 ga Fabrairu, 1987

Yaya Hansatu,

Ina gaishe ki da kyau, na kuma gode. Mai raba wasiƙu ya miƙo mini taki da yatsa biyu yana toshe hanci, ya tambaye ni ko mataccen ɓera 'yan'uwan mijina suka aiko. Na kai wa Lirwanu ambulan ɗin kawai, ya ɗora a fuskarsa ya yi kuka. Da na karanta masa maganar ɗure kuwa, dariya ya yi har ya riƙe wurin ɗinkin.

Yanzu kilonsa hamsin da takwas. Likita ta ce za ta sallame shi ranar Lahadi, ɗaya ga Maris, ko a gida zai ci. In sati biyu suka wuce bai ƙaru ba, za a dawo da shi a sa masa roba ta hanci, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba bayan wannan.

Ruwan tokar ne ya ba ni wahala. A hawa na bakwai muke, da lantarki nake girki, ɗumin ɗaki kuma ta bututu yake zuwa. Tokar da ke gidan nan kaf ta sigarin maƙwabcinmu ce. Na duba ƙamus, na ga mu luga muke kiran ruwan toka. Na shiga kanti huɗu ina tambaya, sai a na biyar, wajen masu fenti da ƙusa, mutumin ya ce ai yanzu ba mai wahalar tace toka, ga ta masana'anta, ta fi ƙarfi kuma ta fi tsabta. Ya ba ni gwangwani cike da wasu fararen ɓarɓashi kamar gishiri mai faɗi, ya ce da ita matan ƙauye suke yin sabulu. Ban faɗa masa ta miya ba ce, na gaji da dariyar mutane.

Ban gwada ba, don daddawar ba ta da yawa, ba na so in ɓata ta a gwaji. Ban kuma faɗa wa Lirwanu ba, so nake ya shigo gida ya tarar. Tunda cikinsa ya daɗe yana jira, zan sa cokali biyu don ta yi yauƙi sosai.

Na rubuta wa mahaifiyata ranar da zai fito. Ba ta amsa ba, ban kuma sa rai ba.

Ki yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Rumyana

Malumfashi, 9 ga Maris, 1987

Rumyana,

Ina gaishe ki, Allah ya sa wasiƙar nan ta sami wanda zai karanta ta.

Kada ki sa abin nan a abinci. Sodar sabulu ce, guba ce, tana cin nama. Ina rubutawa ina sane da cewa Lahadin ta wuce da kwana takwas, amma hannuna ya ƙi tsayawa.

Yau da safe taki ta zo. Na bar aiki na hau mota zuwa Kaduna, na zauna awa biyar a gidan waya ana neman layin ƙasarku. Da aka samu, wayar maƙwabcinku ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na buga muku telgiram na dawo.

Na taɓa jinyar wata mata da ta kurɓi ruwan sodar nan bisa kuskure, kurɓa ɗaya. Wata uku ta yi ko yawunta ba ta iya haɗiyewa. Ita da lafiyayyen ciki ke nan, balle mai sabon ɗinki.

Laifina ne. Na rubuta miki ruwan toka kamar kowace mace a duniya tana da murhu a tsakar gida. Layi biyu kacal ya kamata in ƙara, ki ƙona itace, ki jiƙa tokar, ki tace. Na tsaya tsokanarki a kan sunan miji.

In ya ci, ki faɗa mini gaskiya, kada ki ɓoye. In ke kika fara ɗanɗanawa, wani ya rubuto.

Hansatu

Malumfashi, 27 ga Maris, 1987

Rumyana, Auta,

Ina gaishe ku. Kwana goma sha takwas ke nan babu amsar telgiram. Kullum sai na je gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Inna ta ce ta ga na rame, na ce aiki ne. Shekaranjiya ta yi miyar kuɓewa ta aiko mini, na buɗe kwanon na ga yauƙin, sai na fita bayan ɗaki na yi amai. Tun ranar da wasiƙarki ta zo abinci ba ya wuce mini wuya. Jiya ta ce in rubuto in tambayi Auta ko murar ta sake shi. Ban san ranar da zan iya duban idonta ba.

Ko kalma ɗaya ce ku aiko.

Hansatu

Plovdiv, 16 ga Afrilu, 1987

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ni ne Auta, da hannuna. Jiya muka dawo daga ƙauye bayan sati shida, muka tarar da telgiram da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Ki yafe mana, ba mu san kina cikin wannan hali ba.

Ranar Lahadin nan ina kwance a falo, surukata ta shigo ba sallama, da kaza a hannu. Ko kallona ba ta yi ba ta wuce kicin. Ta tarar da Rumyana ta ciko cokali tana shirin zubawa, ta kai wa hannun duka. Shekara arba'in tana yin sabulu, daga bakin ƙofa ta gane gwangwanin. Ina jin ta tana cewa, “Ke, sabulu za ki yi da surukina?” Ranar ta fara kirana haka.

Ɓarɓashin ya zubo wa Rumyana a jiƙaƙƙen hannu, yatsu uku sun ƙone, shi ya sa ni nake rubutu. Washegari tsohuwar ta kwashe mu zuwa gidanta, ta ƙona rassan inabi, ta tace tokar da kanta. Yanzu kilona sittin da biyar. Ta ce ki aiko da daddawa, wai warinta ne kawai ba kyau.

Miyar ta yi yauƙi, Yaya. Na ci. Ke ma ki tashi ki ci.

Ƙanenki,
Lirwanu